Na gan shi, na gaya masa, na jira shi: abin da ke biyo bayan aikatau a jimlar Turanci

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun insha'in Turanci na ɗaliban sakandare a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san inda jan biro ya fi sauka. Yakan sauka ne a kan gajerun jimloli masu kalma uku ko huɗu, irin waɗanda mutum ke furtawa tun safe har dare: na gan shi, na gaya mata, na aika musu, ban jira ku ba. Ɗalibi ya haddace jerin *me, you, him, her, it, us, them* tun yana firamare, ya kuma san cewa *I* ce ke zuwa a farko, amma sai ka ga ya rubuta *I explained him*, ko *I waited her*, ko *I made him to go*. Wakilin sunan da ya zaɓa daidai ne a duka ukun. Abin da ya kuɓuce masa shi ne cewa a Turanci kowane aikatau, wato kalmar aiki, yana da nasa sharaɗin game da abin da zai biyo bayansa, kuma sau da yawa ma'ana ba ta nuna sharaɗin, sai an koye shi tare da aikatau ɗin tun ranar farko.

Hausa tana da jeri biyu na wakilin suna bayan aikatau. Akwai ni, ka, ki, shi, ta, mu, ku, su, na wanda aikin ya faɗa kansa kai tsaye. Akwai kuma mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu, na wanda aka yi aikin dominsa ko aka nufe shi da shi. "Na kama shi" daban, "na kama masa" daban, kuma ko yaro ɗan shekara huɗu ba ya rikita su. Turanci ma ya taɓa samun irin wannan rabo. A tsohon Turanci na kafin shekarar 1066, *hine* ce ke yin aikin "shi", *him* kuma tana yin aikin "masa". Daga baya *hine* ta ɓace, *him* ta haɗa ayyukan biyu. *Them* kuwa aro ce daga harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. Da jerin ya koma guda ɗaya, sai aikin bambancewa ya koma kan abu biyu: wurin da kalma ta zauna a jimla, da 'yan ƙananan kalmomi irin su *to, for, from, at*. Wato bambancin da Bahaushe ke ji a jikin wakilin suna, Bature yana jin sa ne a tsarin jimla. Kusan duk kuskuren da za a ambata a ƙasa daga nan yake tasowa.

Tsari mafi sauƙi shi ne *I*, sai aikatau, sai wakilin suna manne da shi: *I saw him, I called her, I need them*. Ba a saka komai tsakanin aikatau da karɓau, wato wanda aikin ya faɗa kansa, don haka *I like him very much* ake cewa, ba *I like very much him* ba, kuma kalmomi irin su *always, often, never* gaban aikatau suke zama: *I always see her*. Ko a wannan tsari mai sauƙi akwai wurare uku da ake yin tuntuɓe.

Na farko *it*. A Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace, mota "ita" ce, littafi "shi" ne. Turanci ya keɓe *him* da *her* ga mutane da dabbobin da aka san jinsinsu, sauran abubuwa duk *it* ne, jam'insu kuma *them*. "Na sayi mota, na sayar da ita" shi ne *I bought a car and sold it*. A ɗaya gefen, Turanci ba ya bambanta ka, ki da ku, *you* ce ta kowa, kuma ba ya girmama dattijo da jam'i: mahaifi guda *him* ne, ko da a Hausa an ce "na gaishe su".

Na biyu ya fi na farko yawa. Hausa takan bar karɓau a ɓoye idan an riga an san shi. A tambaye ka, "Ka kawo littafin?" ka ce, "Na kawo." Magana ta cika. A Turanci *I brought* jimla ce da ba ta ƙarasa ba, mai sauraro zai tsaya yana jiran sauran. Sai dai *I brought it*, ko *Yes, I did*. Haka *I like it, I want it, I found it, I bought it, I enjoyed it*. Aikatau irin su *bring, like, want, find, enjoy, need, take, put* ba sa tsayawa su kaɗai. *Put* ma ba ta gamsuwa da karɓau, sai an faɗi wuri: *I put it there*.

Na uku shi ne lokaci, kuma nan kuskure yana iya sauya magana gaba ɗaya. Hausa tana amfani da shuɗaɗɗen lokaci wajen faɗin halin da ake ciki yanzu: na san shi, na gane ka, na yarda da ita, na tuna da su. Mai fassara kalma da kalma sai ya ce *I knew him*. Bature idan ya ji haka zai ɗauka ko mutumin ya rasu ko an daɗe da rabuwa. Abin da ake nufi shi ne *I know him, I understand you, I trust her, I remember them*. Sannan akwai akasinsa: Hausa tana cewa "ina jin ka", "ina son ta", "ina da shi", da sigar lokaci mai ci, sai a haifi *I am hearing you, I am liking her, I am having it*. Aikatau masu nuna hali ko ji ko mallaka, irin su *know, like, want, believe, understand, own, hear*, ba kasafai suke ɗaukar *-ing* ba a daidaitaccen Turanci. A waya *I can hear you* ake cewa. Lokacin sabo ma yana da nasa tarkon: "nakan gan shi" shi ne *I usually see him*. *I used to see him* na nufin da can ina ganinsa, yanzu na daina, kuma babu wata siga *I use to see him* ta lokacin yanzu, duk da yawan jin ta da ake yi a Najeriya.

Inda aikin ya fi yawa shi ne jimla mai karɓau biyu, mutum da abu. Turanci yana da hanya biyu. Ko a sa mutum a gaba ba tare da wata ƙaramar kalma ba, *I gave him the book*, ko a sa abu a gaba a biyo da *to*, *I gave the book to him*. Hanya ta farko ta yi daidai da tsarin Hausa, "na ba shi littafin", "na kawo masa ruwa", shi ya sa take zuwa wa ɗalibi da sauƙi. Kuskuren shi ne gauraya su: *I gave to him the book*. Idan mutum ya zo gaba, *to* ta faɗi. Aikatau da ke nuna miƙa abu daga hannu zuwa hannu suna ɗaukar *to* a hanya ta biyu: *give, send, show, lend, offer, pay, teach, sell, pass, owe, promise*. Waɗanda ke nuna samar wa mutum abu suna ɗaukar *for*: *buy, make, cook, get, find, build, save*. Saboda haka *I bought her a phone* takan juya ta zama *I bought a phone for her*, kuma *I bought a phone to her* ba Turanci ba ce. *Bring* tana karɓar duka biyun da ɗan bambanci: *I brought it to him* na kai masa har hannunsa, *I brought it for him* dominsa na kawo, ko ya karɓa ko bai karɓa ba tukuna.

Idan abin ma wakilin suna ne, zaɓi ya ragu. Hausa tana iya cewa "na kawo masa shi", ta jera biyun. A Turanci hanyar da kowa ya amince da ita daga Landan har Amurka ita ce *I gave it to him, I sent them to her, I bought it for you*. Ana jin *I gave him it* a bakin wasu mutanen Birtaniya, ana kuma jin *I gave it him* a arewa maso yammacin Ingila da tsakiyarta, amma waɗannan karin harshe ne na yanki. Mai koyo ya riƙe mai *to* ko *for*, ba zai taɓa yin kuskure da ita ba.

Sai kuma rukunin da ke ƙin hanya ta farko sam. *Explain, describe, suggest, introduce, report, mention, announce, donate, return, repeat, say*: duk waɗannan ba sa yarda mutum ya zauna manne da su a matsayin wanda aka yi wa abin. "Na bayyana masa" ita ce *I explained it to him*. Idan ka ce *I explained him*, ka ce ka yi bayanin ko shi wane ne. *I described her* na siffanta ta, *I described it to her* na siffanta mata abin. *I reported him* na kai ƙararsa, *I reported it to him* na kai masa rahoto, kuma a ofis wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Akwai wata alama da ke taimakawa, ko da yake ba doka ce mai cin kowa ba: yawancin aikatau masu karɓar hanya biyu gajeru ne, 'yan asalin Turanci, masu gaɓa ɗaya, yayin da masu ƙi yawanci dogaye ne da suka shigo daga Faransanci da Latin bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila. Kwatanta *give* da *donate*, *tell* da *explain*, *show* da *demonstrate*. Ma'ana kusan ɗaya, tsari daban. *Offer* da *promise* sun kuɓuce wa wannan alama, suna karɓar hanya biyu. A can ɗaya ƙarshen kuma akwai 'yan kaɗan da hanya ta farko kawai suka sani: *I charged him five hundred naira, I wish you well, I bet you a thousand*. Masu koyon Turanci a Maraɗi da Damagaram da Yamai suna da dalili biyu na faɗa wa *explain me*, domin Hausa tana cewa "bayyana mini", Faransancin makaranta ma yana cewa *explique-moi*.

*Say* da *tell* sun cancanci a tsaya kansu, domin babu ranar da ba a buƙatarsu. *Tell* tana son mutum nan take, ba tare da *to* ba: *I told him, I told her the news, I told them that I was coming*. *Say* tana son maganar da aka faɗa, idan kuma za a ambaci mutum sai da *to*: *I said it to him, I said to her that…* Kurakurai uku ne ke yawo: *I said him*, *I told to him*, da *I told that I was sick* inda aka manta da mutumin. *Tell* takan bar mutum a 'yan wurare sanannu kawai, kamar *tell the truth, tell a lie, tell a story, tell the time*.

Yanzu a dubi abin da "masa" ke ɓoyewa. "Na sayar masa da motar" tana iya nufin shi ne ya saya, tana kuma iya nufin motarsa ce na yi masa dillanci. Hausa ta bar wa yanayin magana ya warware. Turanci dole ya zaɓa: *I sold it to him* ko *I sold it for him*. "Na ɓoye masa" tana iya zama na adana dominsa, *I hid it for him*, ko na hana shi gani, *I hid it from him*. "Na yi masa tsawa" *I shouted at him*, amma idan kira ne daga nesa *I shouted to him*. *I threw it to her* na wurga mata ta cafe, *I threw it at her* na jefe ta da shi. Kalma guda ta Hausa ta rabu gida huɗu, *to, for, from, at*, wani lokaci kuma babu ko ɗaya: "na taimaka masa" *I helped him*, "na gode mata" *I thanked her*, "na amsa musu" *I answered them*, "na buga masa waya" *I called him* ko *I phoned him*, "na yi masa biyayya" *I obeyed him*. Duk lokacin da "masa" ta zo a zuciyar mai rubutu, tambayar da zai yi wa kansa ita ce wanne daga cikin biyar ɗin wannan aikatau yake so.

Sai kuma *borrow me*, da ake faɗa a maimakon *lend me*. Hausa tana juya tushe guda ya yi aiki ta fuska biyu, ta hanyar sauya wasalin ƙarshe da nau'in karɓau, abin da masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya tsara a giredi, wato aji, bakwai na aikatau a 1960: na ari littafi, na ara masa littafi, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi, na koyi karatu, na koya masa karatu. Turanci yana da kalma biyu a kowane wuri. *I borrowed it from him* na ara daga wurinsa, *I lent it to him* ko *I lent him the book* na ara masa. *I learnt it from her* na koya a wurinta, *I taught her* na koya mata. Aro da rance kuwa, da Hausa ta raba, Turanci ya haɗa su, *borrow* da *lend* suna yi wa tabarma da kuɗi duka.

Akwai aikatau da Hausa ke haɗawa da karɓau kai tsaye amma Turanci ke buƙatar ƙaramar kalma a tsakani. Na jira shi, na saurare ta, na dube su, na neme ka: *I waited for him, I listened to her, I looked at them, I looked for you*. Haka *I replied to him, I apologised to her, I agree with you, I depend on them*. Wani lokaci barin kalmar yana haifar da wata jimla daidai amma mai ma'ana daban, kuma wannan ya fi kuskure bayyananne haɗari, domin babu mai gyara maka. *I searched for him* na neme shi, *I searched him* na caje shi. *I paid him* na biya shi kuɗinsa, *I paid for him* na biya masa, *I paid for it* na biya kuɗin abin. *I asked her* na tambaye ta, *I asked for her* na nemi a kira mini ita, *I asked after her* na tambayi lafiyarta. *I believe him* na gaskata maganarsa, *I believe in him* ina da yaƙini a kan iyawarsa. Akasin haka ma yana faruwa, a ƙara kalma inda ba a so: *I discussed it, I requested it, I ordered it, I contacted him, I married her, I resemble him* duk kai tsaye suke, babu *about*, babu *for*, babu *with*. Bambancin Amurka da Birtaniya yana shigowa a wuri ɗaya sananne: Ba'amurke yakan ce *I wrote him*, Ba'ingile yakan ce *I wrote to him*.

Kada a rikita waɗannan da aikatau masu wutsiya irin su *pick up, turn off, put on, call back, wake up, give back, throw away*. A nan dokar a tsaye take. Idan karɓau suna ne, wuri biyu yake da shi: *I turned off the light* ko *I turned the light off*. Idan wakilin suna ne, wuri ɗaya kawai, a tsakiya: *I turned it off, I picked him up, I called her back, I woke them up*. *I picked up him* ba ta shiga. Dalilin na sauti ne da na saƙo: Turanci yakan ajiye ƙarshen jimla don sabon labari mai nauyin murya, wakilin suna kuwa tsohon labari ne marar nauyi, sai wutsiyar ta ɗauki ƙarshen. Amma *look after, look for, run into, come across* ba sa rabuwa: *I looked after him, I ran into her*. Masu kalma uku ma haka: *I put up with him, I look up to her*. Ƙamus mai kyau yakan nuna wanda ke rabuwa da wanda ba ya rabuwa.

Tsari na gaba shi ne wanda ake son wani ya yi wani abu. Hausa tana buɗe sabuwar jimla: ina so ya zo, na ce ta zauna, na sa su tafi. A nan "ya" da "ta" aikau ne, wato mai yin aikin, na aikatau na biyu. Turanci yana jawo mutumin ya mai da shi karɓau na aikatau na farko: *I want him to come, I told her to sit down, I asked them to wait*. *I want that he should come* da *I want he come* duk inuwar Hausa ce. Rukunin *to* babba ne: *want, ask, tell, advise, expect, allow, invite, force, remind, warn, persuade, need, would like*. Korewa tana zuwa gaban *to*: *I told him not to go*. Ƙaramin rukuni kuma ba ya ɗaukar *to*: *I made him go, I let her speak, I had them wait*. Ga abin da ke rikita mutane: *make* da *force* ma'anarsu kusa, *let* da *allow* ma haka, amma *I forced him to go* da *to*, *I made him go* babu, *I allowed her to speak* da *to*, *I let her speak* babu. A Najeriya sau da yawa ana juya su, a ce *I made him to go* da *I allowed her speak*. *Help* tana karɓar duka biyun. *Suggest* da *hope* ba sa cikin ko wane rukuni, sai da cikakkiyar jimla: *I suggested that he should go, I hope she comes*.

Aikatau na gani da ji suna da wani bambanci da Hausa ta riga ta sani. *I saw him cross the road* na ga ya tsallaka titi, daga farko har ƙarshe. *I saw him crossing the road* na gan shi yana tsallakawa, ban ce ya kai ba. Mai ba da shaida ya kamata ya san wadda yake faɗa. Wasu kuma suna bin mutum da ƙaramar kalma ta musamman sannan *-ing* ko suna: *I stopped him from going, I thanked her for coming, I accused them of lying, I congratulated him on his success*.

Akwai wata *it* da ba ta wakiltar komai sai riƙe wuri, kuma da yake Hausa ba ta da irinta, ana yawan zubar da ita: *I find it hard to sleep, I like it when you call, I would appreciate it if you replied*. Wannan ta ƙarshe tana cikin kusan kowace wasiƙar ofis, kuma sau da yawa ana rubuta ta babu *it*. Bayan *think, hope, suppose* kuwa *so* ce ke tsayawa a madadin magana: *I think so, I hope so, I hope not, I don't think so*.

Idan aikin ya dawo kan mai yinsa, *myself* ce, daidai da "kaina": *I hurt myself, I blame myself*. A jam'i sai a kula: *ourselves* kanmu, *each other* juna. *We know each other* mun san juna, *we know ourselves* kowa ya san halin kansa. Hausa kuma tana da wani salo nata na cewa "mun tafi da Audu" ko "mun gaisa da shi" alhali mutum biyu ne kawai, mai magana da Audu. *We went with Audu* a kunnen Bature aƙalla mutum uku ne. Ana cewa *I went with Audu* ko *Audu and I went*, da kuma *I greeted him* ko *we greeted each other*. Game da *I* da *me* idan an haɗa da wani suna, gwajin mai sauƙi ne: cire ɗaya sunan ka ji. *She called Audu and me* daidai ce domin *she called me* daidai ce. Bayan *between, for, to, with* kullum *me* ce.

Wani wurin kuma wakilin sunan ne ya yi yawa. Hausa tana iya cewa "mutumin da na gaya masa", "yarinyar da na tafi da ita", ta maimaita mutumin a ƙarshe. Turanci yana barin gurbin fayau: *the man I told, the girl I went with, the book I bought*. *The book which I bought it* kuskure ne da ke fitowa a takardun ɗalibai har na jami'a.

Ko an iya duk wannan a rubuce, kunne yana iya kasa kama shi a baki, domin Turawa ba sa furta wakilin suna da nauyi. *H* ta *him* da *her* takan faɗi a tsakiyar magana, sauran ya manne da aikatau: *I told him* ta fito kamar "ai toldim", *I saw her* kamar "ai sowa", *them* ta koma "dham" ko "am". Ana ɗora wa wakilin suna murya ne kawai idan ana bambantawa, kamar a ce shi na kira ba ita ba. Gefen *I* ma yana tsukewa: *I'll, I've, I'd*. *I'd* tana iya zama *I had* ko *I would*, siffar aikatau ce ke nunawa: *I'd told him* na riga na gaya masa, *I'd tell him* da zan gaya masa. A korewa kuma *did* ce ke ɗaukar lokaci, aikatau ya koma asalinsa: *I didn't see him*, ba *I didn't saw him* ba.

Gaskiya ne cewa *I replied him* da *borrow me your pen* sun zama ruwan dare a Turancin Najeriya, kuma daga Legas har Maiduguri kowa zai gane. Babu abin kunya a yin magana yadda jama'arka ke yi. Sai dai mai gyara takardar WAEC ko NECO da daidaitaccen Turanci yake aunawa, haka ma mai karanta takardar neman aiki ko gurbin karatu a waje, kuma zalunci ne a bar ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa bai san cewa sigar biyu ce ba. Hanyar koyarwar da ta fi aiki ita ce a daina rubuta aikatau shi kaɗai a littafin kalmomi. A maimakon *explain*, a rubuta *I explained it to him*. A maimakon *wait*, *I waited for her*. A maimakon *let*, *I let them go*. Ƙamusun ɗalibai irin na Oxford da Longman da Cambridge suna ba da wannan tsari a ƙarƙashin kowane aikatau, wasunsu da gajerun alamomi *sb* na mutum da *sth* na abu, kamar *explain sth to sb*, *lend sb sth*, *stop sb from doing sth*. Malami zai iya ɗaukar aikatau biyar a mako, ya sa ɗalibai su juya kowanne da *him, her, it, them*, sannan da korewa, sannan da tambaya, da baki kafin a rubuta, ya kuma tabbata a cikin biyar ɗin akwai tagwaye masu ma'ana kusa da tsari daban, kamar *tell* da *say*, ko *let* da *allow*.